Idan Tsoho Ya Faɗi Ya Kasa Tashi

Yau maganarmu a kan iyayenmu da kakanninmu ce.

Bari mu fara da misalin abin da kusan kowane ƙauye ya taɓa gani. Tsohuwa ta tashi da asuba za ta yi alwala. An kwana ana ruwa, tsakar gida duk santsi. Ta taka bakin makewayi, ƙafa ta zame, ta faɗi a kan gefe ɗaya. Da yaro ne, da tuni ya miƙe ya kaɗe rigarsa. Amma ita ta kasa tashi. Aka ɗauke ta aka kai ɗaki, aka ce targaɗe ne. Aka shafa mai, aka ɗaure da zane. Mako ya wuce, wata ya wuce, tana kwance. Bayanta ya yi gyambo, tari ya kama ta, abinci ya daina shiga. Kafin a yanke gero, Allah ya yi mata rasuwa. Mutane suka ce tsufa ne.

Rai da ajali na Allah ne, babu shakka. Amma an umarce mu da neman magani. Abin da ya sami wannan tsohuwa shi ake kira karayar ƙugu, wasu kuma su ce karayar kwatangwalo. Tana da magani a asibiti, kuma maganin ya fi amfani idan an je da wuri.

YADDA ƘASHIN ƘUGU YAKE

Ƙashin cinya shi ne ƙashi mafi tsawo a jikin mutum. Daga sama yana da kai mulmulalle, ɗan ƙasa da ƙwallon goruba. Wannan kai yana zaune cikin wani gurbi a ƙashin ƙugu, kamar taɓarya cikin turmi. A nan yake juyawa idan za mu taka, ko mu zauna, ko mu durƙusa.

Tsakanin kan da doguwar sandar ƙashin akwai wuya siriri wanda ya karkata gefe. Nauyin jiki duka ta wannan wuya yake bi ya sauka ƙafa. Idan an ce tsoho ya karye a ƙugu, yawanci ɗayan wurare biyu ne. Ko dai a wuyan, ko kuma ƙasa da shi kaɗan, wurin ƙashin da kake ji idan ka dafa gefen ƙugunka.

Bambancin wuraren nan biyu yana da muhimmanci. Jinin da ke ciyar da kan ƙashin ta wuya yake bi. Idan wuyan ya karye ya goce, hanyar jinin na iya yankewa. Ka san reshen da aka sare, ko an mayar da shi an ɗaure, bushewa zai yi. Haka kan ƙashin ke mutuwa. Amma idan karayar a ƙasa da wuya take, wurin yana da jini isasshe. Zai haɗe, muddin an sami abin da zai riƙe shi daidai.

ME YA SA ƘASHIN TSOHO KE SAURIN KARYEWA?

Ƙashi abu ne mai rai. Kullum jiki yana rushe tsohon ƙashi yana gina sabo. Idan shekaru suka ja, rushewa sai ta fi gini yawa. Ƙashin ya zama kamar azarar da gara ta ci. Daga waje lafiya lau, ciki kuwa duk rami. Mata sun fi kamuwa da wannan, musamman bayan jinin al'ada ya ɗauke. Shi ya sa karayar ƙugu ta fi yawa ga tsofaffin mata, ko da yake maza ma tana samunsu.

YADDA ZA A GANE TA

Ga alamomin da za a duba idan tsoho ya faɗi:

1. Ya kasa tashi, ko ya kasa taka ƙafar.
2. Yana jin zafi a matsematsi ko a gefen ƙugu. Wani lokaci zafin yakan sauka har gwiwa.
3. Idan yana kwance, ƙafar da ta karye ta fi ɗayar gajarta.
4. Tafin ƙafar ya juya ya kwanta ta waje.

A lura da kyau. Wani lokaci ƙashin tsagewa kawai yake yi bai goce ba. Tsohon na iya ɗingisawa kwana biyu ko uku, a ce ai da sauƙi. Rana ɗaya sai tsagar ta buɗe, ƙashin ya rabu. Don haka duk tsohon da ya faɗi yana kukan ƙugu, a kai shi a ɗauki hoton ƙashinsa. Wannan hoto ba sabon abu ba ne, tun 1895 aka gano shi a ƙasar Jamus. Ba ya zafi, kuma shi ke nuna inda karayar take.

INA MAGANAR ƊORI?

Maɗora mutanenmu ne. Sana'a ce ta gado, kuma da yawa daga cikinmu sun ga hannu ko ƙwauri da aka ɗora ya warke. Ba mu zo don mu raina kowa ba. Amma kowane aiki da iyakarsa.

Maɗori yana lalubar ƙashi da hannu, ya gyara shi, ya jera kara ko tsinke ya ɗaure. Wannan yana yiwuwa ne inda ƙashi ke kusa da fata. Wuyan ƙashin cinya kuwa yana can ciki, tsoka mai kauri ta lulluɓe shi. Hannu ba ya kai gare shi. Babu karan da zai riƙe shi daga waje. Kuma idan hanyar jini ta yanke, babu ɗaurin da zai mayar da ita. Ja da murza ma na iya mayar da tsaga ta zama cikakkiyar karaya. Maɗorin da ya san aikinsa, idan ya ga irin wannan, shi da kansa zai ce a tafi asibiti.

DOGUWAR KWANCIYA ITA CE HAƊARIN

Ga babban abin da muke so kowa ya riƙe. Sau da yawa ba karayar ce ke kashe tsoho ba, doguwar kwanciya ce. Tsohon da ya yi makonni a kan tabarma bai motsa ba, abubuwa huɗu ke jiransa. Majina ta taru a ƙirji ta zama ciwon huhu. Fatar baya da ta ɗuwawu ta mutu ta zama gyambo. Jini ya daskare a jijiyar ƙafa, gudan ya tafi huhu ya toshe numfashi. Sannan tsoka ta zube, har ko ƙashin ya haɗe, babu ƙarfin tashi.

A ƙasashen da ake rubuta lissafin marasa lafiya, an ga cewa cikin tsofaffi 10 da suka karye a ƙugu, 2 zuwa 3 kan rasu kafin shekara ta zagayo. Wannan ya nuna ba ciwon wasa ba ne. Shi ya sa likitocin ƙashi suka yi ittifaƙi cewa ya fi kyau a yi aiki cikin kwana 1 ko 2, idan jikin majinyacin ya yarda. Manufar aikin ita ce a kashe zafi, a tayar da tsoho daga kwance da wuri.

ABIN YI A RANAR DA ABIN YA FARU

Kada a ɗaga shi a ce ya gwada takawa. Kada a ja ƙafar don a daidaita ta. A sa matashi ko naɗaɗɗen zane tsakanin ƙafafunsa, a haɗa su a ɗaure sako-sako. A sami ƙyaure ko faffaɗan katako a kwantar da shi a kai, mutum uku ko huɗu su ɗauka tare. A nemi motar da zai kwanta a ciki. Kada a ɗora shi a kan babur. Idan dare ya yi kuma hanya ba ta da tabbas, a rufe shi da bargo, a ba shi farasitamol, da gari ya waye a kama hanya.

Mutanen Tsafe da ƙauyukanta su fara zuwa babban asibitin Tsafe. Na Bunguɗu su fara da babban asibitin Bunguɗu. A can za a duba shi, a ba shi maganin zafi, a rubuta takardar tura shi gaba. A Gusau akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya, da Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura. Idan aikin yana bukatar a wuce gaba, akwai Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda aka buɗe tun 1959. Akwai kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, kusa da Zariya.

A tafi da duk magungunan da tsohon ke sha, na asibiti da na gargajiya, a nuna wa likita. Idan an riga an je wurin ɗori, a faɗi gaskiya. A faɗi ainihin ranar da ya faɗi. Kwana nawa karayar ta yi na cikin abin da ke sa likita ya zaɓi irin aikin da zai yi.

IRE-IREN AIKIN DA AKE YI

Aikin ya kasu gida biyu. Ko a haɗa ƙashin mutum da ƙarfe, ko a cire kan da ya lalace a sa na ƙarfe. Ga bayaninsu ɗaya bayan ɗaya.

Na farko, ɗaure wuya da kusoshi. Idan wuyan ya tsage amma bai goce ba, likita yakan ɗan tsaga fata a gefen cinya. Sai ya zura kusoshi masu zare, yawanci guda 3, su ratsa wuyan su kama kan. Aiki ne ƙarami, ba ya cin jini da yawa, kuma mutum yana nan da ƙashinsa na asali. Illarsa ita ce wani lokaci ƙashin ya ƙi haɗewa, ko kan ya mutu daga baya, sai an sake wani aikin.

Na biyu, babbar kusa da fallen ƙarfe. Wannan na karayar da ke ƙasa da wuya ne. Ana zura babbar kusa ɗaya cikin kan ƙashin. Gindinta kuma ya shiga wani siririn fallen ƙarfe da aka ɗaure a jikin ƙashin cinya da ƙananan kusoshi. An yi kusar yadda za ta iya zamewa kaɗan. Duk lokacin da mutum ya taka, bakin karayar biyu sai su ƙara matsewa. Wannan matsewa ita ke taimaka wa ƙashi ya haɗe.

Na uku, sandar ƙarfe cikin ɓargo. Ƙashin cinya yana da rami a tsakiya inda ɓargo yake. Likita yakan zura sandar ƙarfe cikin ramin daga sama, ya kulle ta da kusoshi sama da ƙasa. Ana zaɓar wannan idan ƙashin ya farfashe, ko karayar ta yi ƙasa sosai. Wani likita a ƙasar Jamus ne ya fara wannan dabara a 1939, kuma tun daga nan ake ta inganta ta.

Na huɗu, canjin kan ƙashi. Idan wuyan ya karye ya goce ga mai yawan shekaru, haɗa shi ba ya cika yin amfani, saboda maganar jinin nan da muka yi. Sai likita ya cire kan, ya sa na ƙarfe daidai girmansa. Kan ƙarfen yana da doguwar ƙota da ake zurawa cikin ƙashin cinya. Sau da yawa ana riƙe ta da wani irin siminti na asibiti. Gurbin ƙugu kuwa ana barinsa yadda yake. Wataƙila ku ji likita yana kiran wani irin wannan ƙarfe Austin Moore. Sunan likitan Amurka ne da ya ƙirƙiro shi. Amfanin wannan aiki shi ne babu jiran ƙashi ya haɗe, mutum na iya fara takawa da wuri.

Na biyar, canjin gaɓar duka. A nan ana canza kan, a kuma sa wa gurbin sabon ƙoƙo. Wato an canza taɓarya, an canza turmi. Wani likitan Ingila mai suna John Charnley ne ya kyautata wannan aiki a 1962. Ya fi dacewa da dattijon da ke da sauran ƙarfi, mai zuwa gona da kasuwa da ƙafarsa, ko wanda dama gaɓar ta riga ta cinye. Ya fi sauran girma da tsada, kuma sai a manyan asibitoci irin na Dala.

Akwai tsohon da zuciyarsa ko huhunsa ba za su ɗauki aiki ba. Irin wannan ana kula da shi a kan gado, a ba shi maganin zafi, wani lokaci a rataya wa ƙafar nauyi ta miƙe. Ana juya shi a kai a kai don kada gyambo ya fito. Wannan hanya ce ta dole, ba ta zaɓi ba.

Ba majinyaci ke zaɓar aiki kamar mai zaɓar atamfa a kasuwa ba. Likita zai duba wurin karayar, da shekaru, da ƙarfin jiki, da yadda mutum yake tafiya kafin ya faɗi. Amma haƙƙinku ne ku tambaya: Wane aiki za a yi? Me ya sa shi? Nawa ne kuɗinsa duka? Yaushe zai fara takawa?

TSORON DA KE HANA MUTANE ZUWA

Wasu na cewa, in an je asibiti yanke ƙafa za a yi. Ba a yanke ƙafa saboda karayar ƙugu. Abin da ke jawo yankewa shi ne ruɓewar ƙafa, kuma ɗauri mai tsanani da ya hana jini gudu yana cikin manyan dalilanta.

Wasu na cewa, ai ya tsufa, ba zai farka daga maganin barci ba. Kowane aiki yana da haɗari, wannan gaskiya ne. Ana iya zubar da jini, ciwon na iya yin ruwa, tsoho na iya rikicewa na 'yan kwanaki. Shi ya sa ake auna jini da zuciya da sukari kafin a fara. Sau da yawa ma ba a sa mutum barci. Allura ake yi a gadon baya, daga cibiya zuwa ƙasa ya mutu na 'yan sa'o'i, yana farke ba ya jin zafi. Ga mafi yawan tsofaffi, haɗarin kwanciya ya fi haɗarin aiki.

Wasu kuma na tsoron ƙarfen. Ƙarfe ne na musamman, ba ya tsatsa, ba ya jawo tsawa. Yawanci ana barinsa a jiki har ƙarshen rayuwa, sai dai in ya kawo damuwa.

BAYAN AN YI AIKI

Aikin kansa yakan ɗauki sa'a 1 zuwa 2. Kashegari ma'aikata za su zaunar da majinyaci, su taimaka masa ya tsaya da sanda ko ƙarfen dogarawa. Kada tausayi ya sa ku hana. Wannan tashi shi ne rabin maganin. Ana cire zaren ɗinki bayan kamar mako 2. Ƙashin da aka haɗa da ƙarfe yakan ɗauki kamar wata 3 kafin ya haɗe sosai.

Wanda aka canza wa kan ƙashi ko gaɓa ya kiyaye a watannin farko, don kada kan ya fita daga gurbi. Kada ya tsuguna. Kada ya zauna a kan tabarma ko gajeriyar kujera. Kada ya harɗe ƙafafu. A samo masa gado da kujera mai tsayi. A kai wa kafinta kujera ya huda tsakiyarta, a riƙa ɗora ta a kan masai. Salla kuwa ya yi ta a zaune a kan kujera, addini ya yi wa mara lafiya rangwame. Likita ne zai faɗi lokacin da zai koma yadda ya saba.

A ba shi abinci mai gina jiki: wake, ƙwai, nono, kifi, nama, zogale. A koma asibiti nan da nan idan aka ga zazzaɓi, ko ciwon yana ruwa, ko ƙwauri ya kumbura, ko numfashi yana sarƙewa, ko ƙafar ta gajarce farat ɗaya.

Mu faɗi gaskiya, ba kowa ke komawa yadda yake da ba. Wani zai riƙe sanda har ƙarshen rayuwarsa. Amma tsohon da ke kai kansa makewayi da masallaci da sanda, ya fi wanda ake juyawa a kan tabarma nesa ba kusa ba.

KUƊI DA TAKARDA

Aikin nan yana cin kuɗi. Akwai kuɗin hoto, da gwaji, da ƙarfen, da magani, da gado. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A tara dangi tun ranar farko, kada a jira sai abu ya ɓaci. Kuɗin da za a kashe wata uku ana yawon magani gida-gida, gara a haɗa shi wuri ɗaya. A nemi matasa biyu ko uku masu lafiya su bi majinyaci, don ana iya bukatar jini. Wanda ba shi da hali ya tambayi ofishin taimakon marasa galihu na asibitin. Duk kuɗin da aka biya a karɓi rasit.

A nan ne karatunmu zai yi rana. Kafin aiki, za a kawo takardar yarda a sa hannu. Wanda ya je ajin yaƙi da jahilci zai nemi a bayyana masa abin da ke ciki kafin ya rubuta sunansa. Zai karanta ranar komawa asibiti a jikin kati. Zai karanta sau nawa ake shan magani. Ba sai ya jira wani ya zo daga birni ba.

RIGAKAFI YA FI MAGANI

A zuba tsakuwa a makewayi don maganin santsi. A kafa itace a gefe don dafawa. A ajiye wa tsoho tocila kusa da shimfiɗarsa. A kawar da igiyar dabbobi da turmi da itace daga hanyarsa. Idan idonsa ya yi yana, a kai shi asibitin ido. Idan yana yawan jin jiri, a auna jininsa. A bar shi ya riƙa tafiya da shan hantsi, zama wuri ɗaya yana ƙara wa ƙashi rauni. A kuma guji haɗe-haɗen ƙwayoyin ciwon gaɓɓai na 'yan talla. Wasu daga cikinsu suna cinye ƙashi idan an daɗe ana sha.

'Yan'uwa, iyayen nan su suka goye mu lokacin da ba mu iya takawa. Idan ɗayansu ya faɗi ya kasa tashi, kada mu ce mu ga abin da gobe za ta yi. A ɗauke shi a kan katako, a kai shi asibiti, a ɗauki hoto. Wanda ya karanta wannan ya karanta wa maƙwabcinsa. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya sa mu gama da iyayenmu lafiya, amin.